Tsinkewar jijiyar gwiwa a kare: kurakuran da ke mayar da jinya baya

Idan kare ya ɗage ƙafar baya ɗaya yana ɗan taɓa ƙasa da yatsu kawai, aka duba tafin babu ƙaya babu yanka, abin da likitan dabbobi zai fara zargi shi ne jijiyar cikin gwiwa. Jijiyoyi biyu ne a tsakiyar gaɓar, sun gitta juna, kuma ta gaban ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba duk lokacin da kare ya taka. Ita ce ke tsinkewa. An fi ganin haka a manyan karnuka masu nauyi, irin su Rottweiler, Labrador da Boerboel, amma karen farauta da ya jefa ƙafa a rami yana cikin gudu shi ma yana gamuwa da ita.

"Targaɗe ne, zai warware"

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, kuma karen da kansa ke yaudarar mai shi. Bayan mako ɗaya ko biyu kumburin farko yakan sauka, kare ya fara takawa, sai a ce ai ya ji sauƙi. Alhali jijiyar ba ta haɗe ba, ba kuma za ta haɗe ba, domin tana cikin ruwan gaɓa ne inda jini ba ya isa gare ta sosai. A yawancin karnuka ma ba rana ɗaya ta tsinke ba, ta daɗe tana cinyewa sili-sili kamar tsohuwar igiyar guga, ranar da aka ga ɗingishi ita ce ranar da ragowar ta katse. Daga nan duk takun da ya yi, ƙashin cinya da na ƙwauri suna gogar juna suna murƙushe guringuntsin da ke tsakaninsu. In wannan guringuntsi ya yage, wani lokaci har ƙara ake ji "ƙas" idan kare na tafiya, ciwon ya ƙaru, amosanin gaɓa kuma ya kama wuri.

Akwai abin da mai kare zai iya dubawa a gida. Ka sa shi ya zauna: mai lafiya yana naɗe ƙafafun baya biyu daidai a ƙarƙashinsa, mai ciwon gwiwa kuwa yana jefar da ƙafar gefe. Ka shafa gwiwoyin biyu ta ɓangaren ciki lokaci guda, wadda ta daɗe da ciwo za ka ji ta yi kauri da tauri. Ka auna cinyoyin biyu da tef ɗin tela a wuri ɗaya, mai ciwon za ta fi sirancewa. Amma gwajin da ake riƙe ƙashin cinya a tura ƙwauri gaba a ga ko zai zame, wannan aikin likita ne, sau da yawa ma sai an yi wa karen allurar barci jikinsa ya saki. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiyar kanta, abin da yake nunawa shi ne taruwar ruwa a gaɓa, da amosani, da kuma ko akwai karaya. Saboda haka in an ce "hoto bai nuna karaya ba", wannan bai wanke gwiwar ba. Ɗingishin da ya wuce kwana 3, ko kare ya ƙi taka ƙafar sam, a kai shi a duba.

Maganin mutane daga kemis

Ibuprofen da diclofenac da ake saya don ciwon jiki suna huda cikin kare su kuma kashe ƙoda, ko da an rage yawan. Paracetamol ma ba a ba shi sai likita ya auna, kyanwa kuwa kashe ta yake yi. Wani haɗarin da ake yawan faɗawa shi ne haɗa maganin ciwo da dexamethasone ko prednisolone a lokaci guda don "ya yi saurin aiki". Haɗin nan shi ne hanya mafi sauri zuwa gyambon ciki mai zubar da jini.

Magungunan da aka saba rubuta wa kare su ne meloxicam ko carprofen, kuma da nauyi ake lissafa su. Meloxicam ana fara shi da miligiram 0.2 kan kowane kilo a rana ta farko, sannan 0.1 kan kowane kilo sau ɗaya a rana, tare da abinci. Ke nan kare mai kilo 25 yana buƙatar miligiram 2.5 ne kacal a rana bayan ranar farko. Ƙaramar ƙwayar meloxicam ta mutane miligiram 7.5 ce, wato ninki uku. Wanda ya jefa ta gaba ɗaya cikin abinci kullum ya yi ɓarna yana zaton taimako ne. A ɗora kare a kan ma'auni tukuna, kada a ƙiyasta da ido. In aka ga amai, ko kashi baƙi kamar kwalta, ko ƙin cin abinci, a tsayar da maganin nan take a kira likita. Kuma a sani cewa maganin ciwo yana sa kare ya ji kamar ya warke, lokacin ne ya kamata a ƙara tsare shi.

Ɗori da karare

Ɗori yana da ma'ana ne inda ƙashi ya karye ana son bakunan su tsaya su haɗe. A nan babu abin da zai haɗe. Ɗaure gwiwa da karare da tsumma ba ya hana zamewar da ke faruwa a ciki, sai dai ya toshe jini, yatsu su kumbura su yi sanyi, fata ta ruɓe a ƙarƙashin ɗaurin. Ja da murza gaɓar kuwa yana ƙarasa yaga guringuntsin. Ko bandejin da likita ya ɗaura ne, a riƙa duba yatsun safe da yamma, in sun kumbura, ko bandejin ya jiƙe, ko yana wari, a koma a ranar. Kare mai jin ciwo yana cizon mai shi ma, don haka a sa masa takunkumi kafin a taɓa ƙafar.

Tiyata ko hutu

Nauyi ne ke raba gardama. Ƙaramin kare da bai kai kilo 15 ba sau da yawa yakan samu sauƙi mai gamsarwa da tsarewa ta mako 6 zuwa 8, da rage ƙiba, da magani, saboda nama mai tauri yana kewaye gaɓar ya riƙe ta. Babban kare ba kasafai hakan ke isar sa ba, kuma jinkirta masa aiki watanni yana nufin a yi tiyata a kan gaɓar da amosani ya riga ya ci. Akwai aikin da ake ɗaura zare mai ƙarfi ta wajen gaɓa ya tsaya a madadin jijiyar, wanda ya fi sauƙin kuɗi kuma ya fi dacewa da ƙanana da matsakaitan karnuka. Akwai kuma TPLO, wanda likitan dabbobi ɗan Amurka Barclay Slocum ya fito da shi a farkon shekarun 1990: a yanka saman ƙashin ƙwauri, a juya shi har gangarensa ya koma kusan digiri 5, a ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi, sai gwiwa ta daina zamewa ko babu jijiya. Wannan yana son kayan aiki na musamman da hannu da ya saba. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, wurare ne da za a fara tambaya. A tambayi likitan kai tsaye wane irin aiki zai yi, da kuma ko zai duba guringuntsin yayin aikin.

In mota ce ta buge karen, a lura kada a ɗauki gocewar ƙugu a matsayin ciwon gwiwa. Ƙafar da ƙugunta ya goce takan yi kamar ta gajarce. Wannan ba ya jira, domin mayar da shi ba tare da yanka ba ya fi yiwuwa a kwana biyu ko uku na farko, kuma kafin a damu da ƙafa sai an duba ƙirji da mafitsara.

Bayan aiki, inda aka fi yin asara

Aikin likita na awa ɗaya ko biyu ne, na mai kare kuwa watanni uku. Ana cire ɗinki a kwana 10 zuwa 14, kuma mutane da yawa suna ɗaukar ranar a matsayin ranar sallama. Fata ce kawai ta haɗe. Ƙashin da aka yanka yana buƙatar mako 8 zuwa 12, sai kuma an sake hoto, galibi a mako na 8, kafin a ce ya kama. A tsakanin mako na 3 da na 6 ne kare ke jin ƙarfi, ya ji an buga ƙofa ya zabura, kusa ta lanƙwashe ko zare ya tsinke.

Ɗaure shi da doguwar sarƙa ba tsarewa ba ce. Karen gadi yana ganin baƙo zai ruga har ƙarshen sarƙar ta fizgo shi, duk nauyin ya sauka a kan gwiwa. Abin da ake so shi ne keji ko ƙaramin ɗaki da zai iya tsayawa, ya juya, ya kwanta ya miƙe, a inuwa, da ruwa kusa, nesa da ƙofar gida da sauran karnuka. In ƙasan tayil ne ko siminti mai santsi, a shimfiɗa tabarmar roba ko tsohon kafet. Babu hawa bene, babu tsalle cikin mota. Fita ta fitsari da kashi ce kawai a makonni biyu na farko, minti 5 da gajeriyar igiya, a ratsa tawul ta ƙarƙashin cikinsa a riƙe ta sama don a rage masa nauyi in zai zame.

Kwalar robar da ake sa wa kare a wuya don hana shi lasar rauni ba a cire ta don tausayi, musamman da dare. Lasa ce ke kai ƙwayoyin cuta cikin rauni, kuma in suka isa jikin ƙarfen da ke ciki, wani lokaci sai an sake buɗewa an cire shi bayan ƙashi ya haɗe. Kada a barbaɗa toka, ko garin kafso, ko a shafa baƙin mai. A lokacin zafi da damina ƙuda na iya yin ƙwai a raunin tsutsa ta fito cikin kwana ɗaya, don haka a duba shi kullum. Ɗan kumburi da ke sauka zuwa idon sawu a makon farko ba abin tsoro ba ne. Mugunya, wari, buɗewar ɗinki ko zafin jiki su ne ke buƙatar komawa asibiti.

Kishiyar wannan kuskuren ita ce a kulle kare wata biyu ba motsi, cinya ta shanye, gaɓa ta sandare. A kwana 3 na farko a naɗe ƙanƙara a cikin tsumma a ɗora a gwiwa minti 10 zuwa 15, sau uku a rana. Bayan haka a koma tsumma mai ɗumi, sannan karen na kwance a gefe a riƙa lanƙwasa gwiwar a miƙe ta a hankali sau 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, a tsaya inda ya nuna ciwo. Daga mako na 3, in likita ya yarda, a ƙara kusan minti 5 a kan tafiyar kowane mako. A yi tafiyar a hankali ƙwarai, domin in aka yi sauri ɗage ƙafar zai yi ya tafi da uku. Wajen mako na 5 ana iya fara sa shi ya zauna ya tashi sau 5 zuwa 10. In ɗingishi ya ƙaru washegari, an yi yawa, a koma matakin makon da ya wuce. In kuma kare yana ta samun sauƙi sai kwatsam ya ɗage ƙafar, ko aka fara jin ƙara a gwiwa, ana zargin guringuntsi ya yage daga baya ko ƙarfe ya motsa, kuma ƙarin magani ba zai gyara wannan ba.

Sai abinci. Karen da ke kwance ba ya ƙona abin da yake ƙonawa da, amma ana ƙara masa ragowar tuwo da kitse don lallashi. A rage masa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saba ci, a riƙa shafa haƙarƙarinsa: ya kamata a ji ƙasusuwan ba tare da an danna ba. Wannan ya shafi ɗaya ƙafar ma, domin kusan rabin karnukan da jijiyar gwiwa ɗaya ta tsinke, ta ɗaya gwiwar ma takan bi baya, sau da yawa cikin shekara ɗaya ko biyu. Don haka ko bayan an sake shi, a ci gaba da gwajin zama da awon cinya a ƙafafun biyu, in aka ga ya fara jefar da lafiyayyar gefe ko yana tashi da ƙyar da safe, a kai shi tun jijiyar ba ta ƙarasa katsewa ba.