Kafin ka yi wa sabon gidanka fenti, duba gindin bango

Jama'a, duk wanda ya sayi gida ya tarar filastar ƙasan bango tana kumbura, tana fitar da farin gari kamar kanwa, kada ya yi saurin kiran mai fenti. Danshi ne ke tasowa daga ƙasa da gishirinsa, kuma damina ɗaya ta isa ta ɓare sabon fentin.

Fara da waje. Galibi ƙasar tsakar gida ko ta lungu ce ta kai tsayin daɓen ɗaki, ruwan indararo yana kwanciya a jikin bango. A kwashe ƙasar har daɓen ciki ya fi ta da aƙalla santimita 15, a zuba dakali mai gangara zuwa magudana. A duba famfon banɗaki ma, sau da yawa shi ke yoyo a ɓoye.

Sannan birkila ya sassaƙe filastar har santimita 30 sama da inda danshin ya tsaya, a bar bulon ya sha iska mako biyu zuwa uku. Aikin rani ne wannan. Kwaɓin sabuwar filastar kuwa, buhun siminti ɗaya da kwanon sarki takwas na yashi mai tsabta, a sa maganin hana ruwa gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa. A riƙa yayyafa ruwa kwana bakwai, fenti sai bayan wata guda.

Masu manna tayil su rufe wurin, ɓarnar kuɗi ce: danshin zai haura ya ɓullo a saman tayil ɗin.