Yadda za ka rarrabe quiet, silent da mute a Turanci

Mu dai shiru ɗaya ta ishe mu, su kuwa Turawa sun rarraba abin gida-gida, shi ya sa yara ke ta ruɗewa a WAEC da NECO. To ga yadda za ka bi.

Da farko tambayi kanka, akwai sauti ko babu shi sam? In akwai ɗan motsi amma ba hayaniya to quiet ne, irin unguwa bayan sallar isha'i, kana jin janareton maƙwabta amma dai gari ya lafa. In kuwa ko tari ba ka ji, silent kenan. Shi ya sa in ka hana wayarka ƙara ake cewa tana silent, haka k ɗin knife da b ɗin doubt sunansu silent letters don ba a furta su ko kaɗan.

Na biyu duba ko mutum ake nufi, nan ne abin ya fi daɗi wallahi. A quiet boy yaro ne mai shiru-shiru, halinsa ne, haka Allah ya yi shi. Amma in aka ce he was silent, wannan bakinsa ƙalau, ƙin magana ya yi a lokacin, ko fushi ko tsoro ko kuma an tambaye shi ina canjin cefane ya yi gum. Malami a aji zai ce keep quiet, ɗan sanda a Amurka kuma in ya kama mutum cewa yake you have the right to remain silent, wato in ka ga dama kar ka ce uffan.

Na uku mute, wannan bar wa na'ura, rimot ɗin talabijin, makirufo a Zoom, ko guruf ɗin WhatsApp da ya dame ka. Kar ka kira bebe da ita, da yawa suna ganin rashin ladabi ne.

Sai masu sauti ƙasa-ƙasa. Low an rage murya ne, soft akwai taushi a ciki, faint kuwa da ƙyar kunne ke kamowa kamar kiran sallah daga wani ƙauyen, whisper raɗa ce.

Kafin ka tura saƙo kuma sake duba rubutunka, quiet daban quite daban, ta biyun ba ruwanta da sauti, ita ce ta quite good.