Rage amsa-kuwwa a ɗakin atisayen kiɗa da kuɗi kaɗan

Salam 'yan uwa masu atisayen kiɗa a gida.

Ku tsaya tsakiyar ɗakin ku tafa hannu. In kun ji sautin na dawowa, bangon siminti da tayil ne ke mayar da shi. Ku shimfiɗa kafet mai kauri, musamman ƙarƙashin ganguna, ku rataya tsofaffin barguna a bango. Kar ku manna su, ku bar tazarar kamar santimita 10 tsakaninsu da bangon, sun fi shanye sauti haka.

Kusurwoyi ne suka fi ba ni wahala, domin nan gurnanin babbar ganga ke taruwa, kuma bargo ba ya iya masa. Sai da na naɗe tsohuwar katifar auduga na jingina a kowace kusurwa, sannan muka fara jin muryar mawaƙinmu sarai.

Don Allah ku manta da kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango don rage amsa-kuwwa. Ba shi da kauri, ga saurin kama wuta. Soso ma a nisanta shi da soket.

Wannan gyaran sautin cikin ɗaki ne kawai, maƙwabta za su ci gaba da ji. Saboda su, ku toshe ƙasan ƙofa da gefen taga da roba.