Babi na 7: Gwada Harsashi a Takarda Kafin a Shiga Daji

Wannan babi na masu bindigar harsashi ne, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, irin wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi. Masu adaka ku zauna ku saurara, karatun lambobi zai yi muku amfani. Kuma da mai lasisi muke magana. A dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959, lasisin wannan bindiga daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, na adaka kuwa daga kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dajin Falgore a Kano da Baturiya ta wajen Hadeja gandun gwamnati ne, ba wurin farauta ba.

Darasi na 1: Karanta kwali

Ɗauki kwalin harsashi. Juya shi yadda rubutun zai miƙe. Kada ka damu da Turancin, lambobi huɗu kawai muke nema.

Ta farko ita ce faɗin baki: 12, ko 16, ko 20. Tana nan kuma a ƙarfen gindin harsashi. Duba jikin bindigarka kusa da inda take karyewa, za ka ga tata lambar. Dole su zama ɗaya. Harsashin 20 ya fi na 12 siranta, idan ya shiga bindigar 12, zamewa yake yi ya maƙale a ciki, in aka ɗora wani aka harba bindiga tana iya fashewa.

Ta biyu tsawo ne: 70 ko 76, wato milimita. Bindigar da aka rubuta wa 70 ba a sa mata 76, ko da ya shiga lafiya lau.

Ta uku nauyin dalmar da ke ciki: 28, 32, 34. Za ka ga ƙaramin harafin g a gefenta, ma'anarsa giram.

Ta huɗu girman ƙwaya, kuma a nan kai yake juyewa. Lamba babba, ƙwaya ƙanana. Lamba ƙarama, ƙwaya manya. Ƙwayar lamba 6 ba ta kai milimita 3 ba, lamba 4 ta fi ta girma, wadda aka rubuta wa BB kuwa ta haura milimita 4. A giram 32 na lamba 6 akwai ƙwaya sama da 200, na BB ba su kai 100 ba. Shi ya sa lamba 6 ta dace da fakara da hasbiya, lamba 4 kuma da zabon daji. Launin kwanso ba ya nuna ƙarfi. Masu zuwa kasuwa su ce "a ba ni ja, ya fi zafi", ku bar wannan magana haka nan.

Darasi na 2: Shirya wuri da takarda

Kowace bindiga da irin harsashin da take watsawa daidai. Wanda ya yi wa maƙwabcinka kyau ba lallai ya yi maka ba, ko da kamfani ɗaya ya ƙera bindigoginku. Takarda ce za ta raba gardama.

Nemo babban kwali, ko ka farka takardun buhu ka haɗa su, faɗi da tsawo su haura mita ɗaya. Idan harsashi iri uku za ka gwada, kana buƙatar takarda tara, kowane iri uku. Nemi wuri mai tudun ƙasa a baya, nesa da gari da burtali. Sanar da mai unguwa. A tabbata babu yaro mai kiwo, babu mata masu itace. A je da sassafe kafin iska ta taso.

Ari tef ɗin tela ka auna igiya yadi 40. Da ita za ka riƙa auna nisa kullum. Kada ka auna da taki, takin safe da na gajiya ba ɗaya ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi komai. Kafin ka kafe takarda, ɗauki gawayi ko biro ka rubuta a kusurwar sama ta dama, haɗe da sunan kamfanin harsashin:

Lamba 6, giram 32, harbi na 1

Ka rubuta tukuna. Ba bayan ka harba ba, kafin. Rubutun ba sai ya yi kyau ba, Baba. Ko 6 ɗinka ta karkace, in dai kai za ka gane ta gobe, ta wadatar. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya kwafi lambar daga jikin kwali, ɗaya bayan ɗaya, ba a sauri. Amma ka ja ɗan layi a ƙarƙashin 6, domin idan takarda ta juya sai ta koma 9.

Me ya sa nake nanatawa? Domin da zarar ƙarar bindiga ta tashi, kowa gudu yake yi ya je ya ga huji. A cire takarda a jefar gefe, a kafa wata. Kan a yi ta huɗu, an cakuɗa su, ga huji rututu amma babu mai iya cewa wanne harsashi ya yi wanne. Harsashi tara sun tafi a banza, ga tsada.

Darasi na 3: Harbi

Yi baƙin tabo kamar tafin hannu a tsakiyar takarda. Duba kusurwar dama. Akwai rubutu? In babu, koma ka rubuta. Kafe takarda, ja igiya, tsaya a ƙarshenta. Kowa ya koma bayanka. Toshe kunne da auduga.

Karya bindiga ka leƙa ciki, ka ga haske ya fito sarai. Karanta lambar harsashin da ke hannunka da ƙarfi, ɗan uwanka ya karanta ta takarda. Sun yi daidai? To zura. Zauna ka ɗora hannu a kan buhun ƙasa don kada saiti ya yi rawa. Saita tabo, ja kunama a hankali.

Harbi ɗaya, takarda ɗaya. Karya bindiga, cire kwanso, sannan a tafi wajen takarda. Sabuwar takarda kuma me za a fara yi mata? Rubutu. Lamba 6, giram 32, harbi na 2.

Haba jama'a. Wasunku sun yi shekara da shekaru suna bin sawun zomo a ƙeƙasasshiyar ƙasa, amma layi ɗaya na rubutu ya gagara? Wai "zan tuna". Ba za ka tuna ba. Kuma mai canza wurin tsayuwa saboda rana ta dame shi, da mai karɓar bindigar aboki a tsakiyar gwaji, duk sun ɓata aikin. Harsashi kaɗai ake canzawa. Nisa ɗaya, bindiga ɗaya, maharbi ɗaya. In mai baki biyu ce, baki ɗaya za ka yi ta amfani da shi, ka rubuta dama ko hagu.

Darasi na 4: Ƙirga huji

Yanki zare santimita 38. Kafa ƙusa inda huji ya fi yawa, ɗaura gawayi a ɗaya bakin zaren, zagaya. Ƙirga hujin da ke cikin da'irar, kana ɗiga wa kowanne alama. Rubuta jimla a ƙarƙashin rubutun farko. Harsashin da ya fi yawan huji a takardunsa uku, kuma bai bar fili babba da tsuntsu zai wuce ba, shi ne naka. A kwatanta lamba 6 da 6 ta wani kamfani, kada a kwatanta ta da BB.

Darasi na 5: In duk sun karkace

Idan kowane iri ya yi hagu ko ƙasa da tabo, ba laifin harsashi ba ne. Riƙonka ne ko bindigar.

Darasi na 6: Ajiya

Wuri busasshe, nesa da murhu, a kulle. Harsashi daban, bindiga daban.

Aikin gida

Kwafi lambobi huɗu na kwalinka a littafi, ka zo da shi aji na gaba. Littafin za ka kawo, ba harsashin ba.