Masai mai rami biyu

Salamu alaikum 'yan'uwa na Gadarif. Duk mai shirin haƙa masai kafin damina ta kankama, ya haƙa rami biyu. Dabarar ƙungiyar Sulabh ce ta Indiya, wadda aka kafa a 1970. Ana amfani da rami ɗaya, ruwan buta guda ya isa kora. In ya cika sai a toshe shi, a koma ɗayan. Bayan shekara 2 abin ciki ya bushe, babu wari, taki ne na gonar dawa.

Amma kun san baƙar ƙasarmu, da ta sha ruwa sai ta rufta. Namu na farko haka ya zube cikin dare, don mun yi rowar bulo. Ku jera jan bulo, ku bar 'yan ƙofofi a tsakani. Rijiya kuwa, a nisance ta da mita 30 aƙalla.