Yanda ake tattaki zuwa gindin Everest a kuma leƙa gidajen bautar 'yan Buda a hanya

Tun kafin a zo maganar jaka da takalmi, fara da ƙirga kwanaki. In kamfani ya turo maka tsari yace cikin kwana 8 ko 9 zai kai ka gindin tsaunin Everest a ƙasar Nefal ya dawo da kai, gaskiya ka nemi wani. Daga garin Lukla zuwa sansanin da masu hawan tsaunin ke kafa tanti, zuwa da dawowa, kusan kilomita 130 ne kuma kwana 12 ake ba shi, sannan ka ɗora kwanakin Katmandu, babban birnin ƙasar, a kai. Ba nisan ne ke kada mutane ba, iska ce. A sansanin nan, mita 5,364 sama da teku, oksijin ɗin da kake ja a numfashi ɗaya kusan rabin na bakin teku ne, jiki kuma baya sabawa da haka da ƙarfin tsiya, sai an ba shi lokaci. Toh abin daɗin shi ne kwanakin nan da jiki ke nema su ne dai kwanakin da za ka samu ka shiga gidajen bautar 'yan ƙabilar Sherpa, mutanen yankin mabiya Buda, ka ga yanda suke rayuwa, duk wanda ya yanke su don sauri ya tashi ba tsuntsu ba tarko, ga ciwon kai ga bai ga komai ba.

Lokacin zuwa biyu ne, Maris zuwa Mayu ko kuma Oktoba zuwa Nuwamba. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, gajimare ya rufe tsaunuka jirage suyi ta fasa tashi. Ni dai na fi ganin Oktoba da Nuwamba, sama garau take.

Maganar biza a kula sosai. Nefal na ba mutanen ƙasashe da yawa biza a filin jirgi, dala 30 ta kwana 15, dala 50 ta kwana 30, amma akwai ƙasashen da ta cire daga wannan sauƙin, Najeriya da Ghana da Kamaru na ciki, su sai sun nema a ofishin jakadanci tun kafin su taso. Ta kwana 30 za ka nema, 15 ɗin ta yi kaɗan. Sai inshora, kuma ba kowace ba, wadda aka rubuta ƙarara cewa ta haɗa da ɗauko ka da helikwafta daga sama da mita 5,000, don a can babu titin mota balle motar asibiti.

Jagora kuma shi ne rabin tafiyar. Tun 2023 hukumar yawon buɗe ido ta Nefal tace baƙo ya riƙa ɗaukar jagora mai lasisi a yawancin hanyoyin tsauni, amma ko babu doka ni bazan ba ka shawarar tafiya kai kaɗai ba. Kafin ka biya ka tambayi kamfanin abu uku: kwana nawa na hutu ke cikin tsarin (biyu ake so, ɗaya a garin Namche ɗaya a ƙauyen Dingboche), mutum nawa jagora ɗaya ke ja, kuma 'yan dakon da za su ɗauki kayanka suna da inshora da kayan sanyi ko a'a. Inda hali ka nemi jagora ɗan yankin wanda shi kansa mabiyin Buda ne, shi ne zai iya ce maka wannan zanen na bango ga ma'anarsa, wancan ɗakin ba a shiga, ba wanda zai tsaya a waje yana danna waya yana jiran ka fito ba. Takardun izini biyu ne, ta gandun Sagarmatha wadda rupi 3,000 ce ga baƙo a kuɗin Nefal, da ta ƙaramar hukumar Khumbu Pasang Lhamu, yawanci jagoran ne ke yankowa.

Kar ka wuce Katmandu da gudu, ka ba ta kwana biyu. Je Boudhanath da yamma liƙis, wata ƙatuwar farar ƙubba ce mai hasumiya a kai, an zana mata idanu ta fuska huɗu, irin wannan ginin shi ake kira stupa. 'Yan Tibet da suka yi hijira bayan 1959 da yawansu a unguwar suka zauna, za ka ga tsofaffi da carbi a hannu suna zagaya ta suna motsa baki, girgizar ƙasar 2015 ta tsaga samanta aka sake ginawa. A nan za ka koyi dokar da za ta bi ka har ƙarshen tafiya: komai na bautarsu ana zagaya shi ne yanda hannun agogo ke juyawa, wato ya kasance a damanka. Washegari ka hau Swayambhunath, matakala 365, birai ko ta ina don haka ka ɓoye abinci a jaka. In ka ji kana haki a matakalar nan toh ka san atisayen da ka yi a gida bai isa ba, kuma wannan a mita 1,400 kenan.

Jirgin da ke kai ka Lukla daga Katmandu ƙarami ne, minti 30 da ɗoriya, kilo 15 kacal ake yarda ka ɗauka har da jakar hannu. Titin saukar bai fi mita 527 ba, a karkace a jikin dutse, ba sai na ce maka kayi addu'a ba, da kanka za ka yi. In kakar ta cika ana maida tashin zuwa Ramechhap, a taso ka daga otel da tsakar dare a yi awa huɗu ko biyar a mota.

Daga Lukla, mita 2,860, ranar farko gangara ce zuwa Phakding, kar ta yaudare ka. Rana ta biyu ce ke nuna ma mutum iyakarsa, ana bin kogin Dudh Koshi ana tsallake gadojin waya masu lilo, bayan ta ƙarshe kuma hawa ne ba ƙaƙƙautawa har Namche Bazaar a mita 3,440. Kalmar da za ka fi ji a bakin jagora ita ce bistari bistari, sannu sannu kenan da yaren Nefal, ka ɗauke ta da gaske, tafiyar da za ka iya hira a cikinta ba tare da numfashi ya sarƙe ba ita ce daidai. In ka ji ƙararrawa, shanun dako ne ke tafe, yak da danginsa, ka matsa ta ɓangaren dutse ba ta bakin rami ba don basa kaucewa kowa.

A hanya za ka yi ta cin karo da tarin duwatsu da aka sassaƙa ma rubutu, yawanci addu'arsu ce ta om mani padme hum, da ƙananan stupa da tutoci masu launi biyar, shuɗi, fari, ja, kore, rawaya. Ka bi ta hagunsu, kar ka zauna a kai kar ka taka. Akwai kuma wasu gangunan ƙarfe da ake juyawa masu addu'a a naɗe a ciki. Ba wanda zai ce dole ka juya ko ka rusuna wa gunki, kallo ya kawo ka kuma su ma sun san haka, abinda kawai suke so kar a wulaƙanta musu abin da suke girmamawa.

Ranar hutun Namche ba ta kwanciya ba ce, ana hawa sama da rana a dawo ƙasa a kwana, haka jiki ke koyo. Ka ce ma jagora ya bi da kai Khumjung, akwai makarantar da Edmund Hillary ya gina a 1961, shi ne wanda suka fara kaiwa ƙololuwar Everest tare da Tenzing Norgay ranar 29 ga Mayu 1953. A gidan bautar ƙauyen akwai wata fata a akwati da suke cewa ta kan yeti ce, dodon ƙanƙara, ka sa ɗan abu a akwatin sadaka a nuna maka, yarda ko rashin yarda wannan kai da zuciyarka. Tsaunin da ke bayan ƙauyen, Khumbila, ba a hawansa sam, a wajensu mazaunin mai tsaron yankin ne.

Tengboche ce zuciyar tafiyar a ganina, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ana gangarowa har bakin kogi a Phunki Tenga inda ruwa ne da kansa ke juya gangunan addu'a, sai a sake hawan kusan mita 600 cikin daji, a gajiye za ka iso mita 3,867 kawai sai ga fili, ga gidan bauta, ga tsaunin Ama Dablam tsaye a gabanka kamar an kafa shi, ga kan Everest can baya. Lama Gulu ne ya kafa gidan a 1916 (lama shi ne malamin addininsu), girgizar ƙasa ta rusa shi a 1934, gobara ta cinye shi a 1989, duk aka sake ginawa. Wasu tsare-tsaren sai su wuce da kai Deboche ka kwana, an ɗauki hoto a ƙofa shikenan. Ka nemi a tsara ka iso da wuri don ka samu zaman addu'ar yamma, ko ka kwana ka ga na sassafe. Cire takalmi da hula a ƙofa, ka zauna a gefe jikin bango, ba a kan kujerun lamomin ba ko da babu kowa a kai, ka naɗe ƙafa kar ka miƙe ta wajen gunki ko wajen mutum, waya a aljihu don ba a ɗaukar hoto a ciki sai da izini. Za ka ji karatu da murya ƙasa ƙasa, can sai a busa dogayen ƙahonni a buga ganga ɗakin ya ɗauka, ana zagayawa da shayi ana zuba musu. In tafiyarka ta faɗo daidai cikar wata a ƙarshen Oktoba ko Nuwamba za ka iya tarar da bikin Mani Rimdu, lamomi su sa fuskokin dodanni suyi rawa, amma ɗaki na wuya a lokacin sai an kama tun da wuri. Gaba kaɗan akwai Pangboche, gidan bautarta shi ne mafi daɗewa a yankin, nan masu hawan Everest ke zuwa neman albarkar lama kafin su wuce, yana saman ƙauyen ne don haka sai ka ce a ratsa da kai.

Daga nan itatuwa sun ƙare. Dingboche mita 4,410, a ƙara kwana, sai Lobuche, sai Gorak Shep a 5,164. Ƙa'idar ita ce in an wuce mita 3,000 kar wajen kwananka ya ɗara na jiya da fiye da mita 500 ɗin nan in da hali. Ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci da ƙin abinci alamun farko ne, in sun zo ba a ƙara hawa, in sun ƙaru sauka ake yi. In mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi ko yana sambatu, ko yana haki alhali a zaune yake ga tari mai kumfa, toh kumburin ƙwaƙwalwa ne ko ruwa a huhu, a sauko da shi nan take ko tsakar dare ne, akwai ƙaramin asibitin masu ceto a Pheriche da ke aiki a kakar tafiya. Dan Allah kar ka ɓoye ma jagora don jin kunyar abokan tafiya ko don kuɗin da ka kashe. Akwai maganin Diamox da ke taimakawa amma likita ne zai rubuta maka, kuma duk mai sikila, har wanda ke AS, ya zauna da likita tukuna kafin ya biya ko sisi don ƙarancin oksijin na iya taɓa saifa.

Abinci kuwa dal bhat za ka riƙe, shinkafa da romon wani ɗan wake da ganye, ana ƙari kyauta. Nama ka haƙura da shi, Sherpa basa yanka a yankin saboda addininsu, duk naman da ka gani ɗauko shi aka yi daga ƙasa a baya ba firij. Ɗakunan kwana katako ne ba ɗumi, murhu ɗaya ne a ɗakin cin abinci kuma da busasshen kashin yak ake hura shi, ka zo da jakar barci mai kauri. Cajin waya, ruwan zafi, intanet, duk da kuɗi kuma kullum ƙara tsada suke in ana hawa, ka ciri rupi isasshe tun daga Katmandu. Takalmin ma ka yi makonni kana yawo da shi kafin ka taso.

A saman Thukla za ka ratsa ta wani fili cike da tarin duwatsu da sunaye, na waɗanda suka mutu a tsaunukan ne, Sherpa da baƙi, mutane kan yi tsit a wajen.

Abinda ba a cika faɗa ma mutane ba, daga sansanin kansa ba a ganin kan Everest da kyau, wasu tsaunukan sun tare, duwatsu ne da ƙanƙara da tutoci. In kana son ganinsa sai ka tashi da asuba daga Gorak Shep ka hau tudun Kala Patthar, sama da mita 5,500, da fitila a goshi cikin sanyin da ruwa ke daskarewa a gora. Saukowa kwana uku ne zuwa Lukla, gwiwa ce ke shan wuya don haka sanda biyu na da amfani. A daren ƙarshe ake ba jagora da 'yan dako tukuici, a hannunsu kai tsaye, kuma ka bar kwana biyu tsakanin jirgin Lukla da wanda zai fitar da kai daga Nefal, don hazo kaɗan in ya sauko ba jirgin da ke tashi.