Kafin ka biya kuɗin ƙaramar jif ta hannu mai shan fetur

Yawancin mutane in sun je duba jif ta hannu, irin su RAV4, CR-V, Tucson, Sportage ko Qashqai, fenti suke kallo da kujeru da girman sikirin. Ni kam abu na farko da nake tambaya shine wane inji ne a ciki, wace irin giya ce, kuma wanda ya riƙe ta yana mata juye akan lokaci ko kuwa sai ya tuna. Domin mota ɗaya, suna ɗaya, amma shekara da inji su bambanta, sai kaga wani yana yabonta wani yana tsine mata.

Ka fara da lambar inji tun kana gida. Misali RAV4 ta wajen 2006 zuwa 2008 mai inji 2.4, wanda ake kira 2AZ-FE, an san shi da shan baƙin mai saboda matsalar ringin fistin. CR-V ta 2017 da 2018 mai 1.5 turbo kuma fetur ne yake zurarewa ya gauraya da baƙin mai, musamman a wuri mai sanyi in ana gajerun tafiye-tafiye. Injin Theta II na Hyundai da Kia, 2.0 da 2.4, sai da kamfanonin suka kira motoci masu yawa su dawo gyara saboda inji yana bugawa. Ba wai nace duk wacce ka gani ta lalace bane, a'a, amma ka san inda zaka sa ido. Akwai kuma ƙananan injina irin 1.2 PureTech na Peugeot da 1.0 EcoBoost na Ford da bel ɗin taimin ɗinsu, wato wanda yake daidaita juyawar sama da ƙasan inji, yake cikin baƙin mai, in aka zuba man da ba nasa ba bel ɗin ya fara marmashewa ya toshe hanyar mai, shikenan inji ya tafi.

Ranar dubawa kuwa ka gaya ma mai motar kar ya tayar da ita kafin ka iso. Ka taɓa bonet, in da ɗumi to an riga an ɗumama ta, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye abubuwa da yawa. Ka murɗa ki kar ka tayar, ka ga fitilar check engine ta kawo, in bata kawo ba kwata-kwata akwai yiwuwar an cire ƙwan ne. Sannan ka tayar ka saurara, ƙarar kaca-kaca da ta wuce daƙiƙa biyu uku tana iya zama sarƙar taimin. Wani ya tsaya a baya ya kalli salansa, hayaƙi shuɗi baƙin mai take ƙonawa, fari mai kauri da baya tsayawa ruwa ne yake shiga inji, galibi gaskit, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Buɗe murfin mai ka leƙa, in kaga dasƙararren baƙin datti to an daɗe ana wasa da juye. Ruwan lagireto ma ka duba, amma inji na sanyi fa, kar ka ƙona fuskarka.

Giya ita ce inda kuɗi yake zubewa. In CVT ce, wato otomatik ɗin da take aiki da bel maimakon giya mai hawa-hawa, irin wacce take cikin Qashqai da X-Trail na Nissan da yawa, ka tuƙa ta aƙalla minti 20 har ta yi zafi, ka hau tudu, ka taka sosai, in kaji tana rawa ko tana kuka ko inji na ihu mota bata gaba, ka ajiye ki kayi sallama. CVT tana son manta na musamman, a Nissan NS-2 ko NS-3 ne gwargwadon shekara, kuma ba kowane bakanike ne yake iya buɗe ta ba, sau da yawa canza ta ake gaba ɗaya. Ni dai a tsohuwar mota nafi natsuwa da otomatik irin ta da.

Kaje da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ya jona na'urar sikanin a soket ɗin OBD da ke ƙasan sitiyari, tana nuna har in an goge matsala kwanan nan. Mitar kilomita kuwa kar ka yarda da ita ɗari bisa ɗari, ana mayar da ita baya, ka kalli robar birki da sitiyari da kujerar direba, sune basa ƙarya. A ɗaga ta sama a duba tsatsa, yoyon mai, shok da bushin.

Yanzu lissafin riƙo. Irin waɗannan motocin masu inji 2.0 zuwa 2.5 zaka same su wajen lita 9 zuwa 12 a kilomita 100, cikin gari da cunkoso da AC yafi haka. Kace kana kilomita 15,000 a shekara a lita 10, lita 1,500 kenan, ka ninka da kuɗin lita a inda kake. Bambancin lita 2 kacal tsakanin mota biyu lita 300 ne a shekara. Hanyar gane gaskiyar shanta mai sauƙi ce, cika tanki, ka yi tafiya, ka sake cikawa, ka raba litar da ka ƙara da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100.

Sai taya, wanda mutane suke mantawa. Tayar jif irin 225/65 R17 tafi ta ƙaramar mota tsada, kuma in mai jan ƙafa huɗu ce ana so duka huɗun su zama girma ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya, in ba haka ba na'urar da take raba ƙarfi zuwa baya ce zata wahala. Tana kuma da ƙarin mai na difarenshal, wato giyar da take raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya, da za'a riƙa canzawa, ga ɗan ƙarin shan fetur, don haka in kwalta kawai kake bi mai jan gaba ta ishe ka. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, sune lokacin da aka ƙera ta, in kaga 2319 to sati na 23 ne na 2019, tayar da ta haura shekara shida ka sa kuɗin canza ta cikin ciniki.

In kun daidaita kar ka zuba duk abinda ke hannunka a saye. Ka rage wani abu na satin farko, juye da filta, man giya, man birki, ruwan lagireto, fulogi, in kuma mai bel ɗin taimin ce ba mai sarƙa ba kuma babu takardar da ta nuna yaushe aka canza shi, a canza shi tare da famfon ruwa kafin ka fara doguwar tafiya.